Gubar Dalma A Anka Da Bukkuyum: An Tsayar Da Mace-Mace, Saura Kare Ƙwaƙwalwar Yara

Cikin watan Maris na shekara ta 2010, wata tawagar Ƙungiyar Likitocin Na-Gari Na-Kowa, wato MSF, tana rangadin ƙauyukan yammacin Jihar Zamfara domin sa ido kan cutar sanƙarau, kamar yadda aka saba yi idan zafin bazara ya kama. A nan ne labari ya iske ta cewa ƙananan yara suna mutuwa fiye da kima a waɗansu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, daga nan sai jijjiga, sai suma, kafin a ankara rai ya yi halinsa. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, an gwada na sanƙarau, duk babu sauƙi. Sai da aka ɗebi jinin waɗansu yaran aka aika da shi ɗakin gwaji a Turai, sannan aka gane cewa dalma ce take kashe su.

An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu a wannan annoba, wadda masana suka sa ta cikin mafi munin irinta da aka taɓa rubutawa a zamanin nan. An shawo kan mace-macen, amma binciken da aka yi a kan al'amarin ya bar wani darasi wanda ya kamata ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su riƙe da kyau: magani yana iya ceton ran yaron da dalma ta kama, amma ba ya mayar masa da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwarsa.

Daga dutse zuwa jini

Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya, kuma neman zinariya ba baƙon abu ba ne a gare su. Abin da ya canza shi ne farashi. Zinariyar da ake sayar da awo guda nata a kan ƙasa da dala 300 a kasuwar duniya cikin shekara ta 2001, ta haura dala 1,200 a shekara ta 2010. Ganin haka sai magidanta da samari suka bazama cikin daji suna haƙo duwatsu, suna ɗauko su a buhuna zuwa gida. A ƙauyuka irin su Dareta, da Abare, da Sunke, da Duza, da Tungar Daji, da Bagega a ƙasar Anka, da kuma 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, tsakar gida ta koma masana'anta. Ana farfasa dutse da guduma, a daka shi a turmi ko a kai shi injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi da shi, a wanke garin, a shanya, sannan a kama zinariyar da zaiba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, dutsen da suke haƙowa cike yake da dalma. Masana duwatsu na gwamnatin Amurka da suka binciki samfurinsa sun bayyana a shekara ta 2013 cewa asalin dalmar tana cikin irin baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake yin kwalli da shi, sai dai ruwa da iska na tsawon zamani sun juyar da mafi yawanta zuwa wani nau'i mai saurin narkewa a cikin ruwan tumbi. Niƙa shi da injin kuwa ya mayar da shi ƙura mai laushi wadda take sauka a kan tabarma, da ƙwarya, da abinci, da hannun yaro mai rarrafe. A waɗansu gidajen an auna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasar tsakar gida, wato fiye da kashi 10 cikin 100, alhali iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da ita a lokacin, inda yara suke wasa, kashi 400 ne kacal cikin miliyan. Mazauna ƙauyukan sun shaida wa masu bincike cewa tun kafin yara su fara mutuwa, agwaginsu sun yi ta mutuwa, amma babu wanda ya kawo wa ransa cewa gargaɗi ne.

Cikin watan Mayu na 2010 jami'an Cibiyar Hana Yaɗuwar Cututtuka ta Amurka, CDC, tare da ma'aikatan lafiya na Nijeriya suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya daga cikin kowane huɗu, kuma kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin cikawarsu. Ana auna dalmar jini ne da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin kowane kashi ɗaya cikin goma na lita. Idan awon ya kai 45 likita yakan fara ba da maganin fitar da ita. A cikin yara 204 da aka gwada, 198 sun kai ko sun wuce wannan awo. Na'urar hannu da aka zo da ita ba ta karanta abin da ya wuce 65, saboda haka sai da aka riƙa sirka jinin kafin a san ainihin awonsa. An sami yaron da awonsa ya haura 700.

Ɓarnar da take yi a ƙwayar halitta

Jikin ɗan Adam ba shi da wani amfani da yake yi da dalma, ko ƙanƙani. Haɗarinta ya samo asali ne daga kamar da take yi da waɗansu sinadarai da jiki yake buƙata, musamman kalsiyam, wanda ake gina ƙashi da shi, da zink, da kuma sinadarin ƙarfe na cikin abinci. Ƙwayoyin halittar jiki suna da ƙananan ƙofofi da suke shigar da waɗannan sinadarai, dalma kuwa takan bi ta nan ta shige kamar 'yar gida. Shi ya sa yaron da ba ya samun wadataccen abinci mai gina jini ya fi shan dalma, domin hanjinsa a shirye yake ya zuƙi duk abin da ya yi kama da abin da ya rasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba yake tsotsewa daga dalmar da ya haɗiye.

Idan ta shiga jini, wuri na farko da take taɓawa shi ne inda ake haɗa jan sinadarin da yake ɗaukar iska zuwa sassan jiki. Takan kori zink daga mazauninsa a cikin ɗaya daga cikin sinadaran da suke wannan aiki, sai aikin ya tsaya, yaro ya kamu da ƙarancin jini.

Babbar ɓarnar kuwa a ƙwaƙwalwa take. Ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta waɗansu mahaɗai, kuma kalsiyam ne yake ba da izinin sakin saƙon. A shekarun farko na rayuwa, ƙwaƙwalwa tana ƙulla irin waɗannan mahaɗai masu yawan gaske, tana ƙarfafa waɗanda ake amfani da su, tana yanke waɗanda ba a amfani da su. Wannan shi ne tushen koyo da riƙe abu a ka. Bincike a ɗakunan gwaji ya nuna cewa dalma tana toshe wata ƙofa da masana suke kira NMDA, wadda ita ce ginshiƙin wannan aiki na ƙarfafa mahaɗai. Har wa yau, a shekara ta 1988 waɗansu masu bincike biyu, Markovac da Goldstein, sun nuna cewa ɗan mitsitsin dalma, wanda bai kai yawan kalsiyam da ake buƙata ba ko kusa, yana iya tayar da wani sinadari mai sarrafa saƙonni a cikin ƙwayar ƙwaƙwalwa ba a lokacin da ya dace ba. Ke nan saƙon gaskiya ya yi rauni, na ƙarya ya yawaita, ginin ƙwaƙwalwa ya tashi a karkace.

Idan kuwa dalmar ta yi yawa ƙwarai, kamar yadda aka gani a Anka da Bukkuyum, takan lalata shingen da yake tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ƙananan hanyoyin jini su fara yoyo, ruwa ya taru, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon kai wanda ba ya buɗawa. Wannan shi ne sanadin jijjiga da suma. Wani nazari da likitocin MSF suka buga a shekara ta 2014 a kan yara 972 na Zamfara ya nuna cewa alamun taɓuwar ƙwaƙwalwa suna ƙaruwa sosai daga awo 80, kuma yaron da awonsa ya kai 120 haɗarinsa ya ninka fiye da sau 20 idan an kwatanta shi da wanda yake tsakanin 45 da 65. Wani abin lura shi ne, mafi yawan yaran nan ba su nuna wata alamar taɓuwar ƙwaƙwalwa ba ranar da aka gwada su, duk da cewa jininsu cike yake da guba. Saboda haka ido ba ya isa a gane wanda ya kamu, sai an auna jini.

Magani da iyakarsa

Maganin da aka yi amfani da shi a Zamfara sunansa DMSA. Ana sha ne ta baki, ya kama dalmar da take cikin jini, ƙoda ta fitar da su tare a fitsari. Kafin wannan annoba ba a taɓa gwada shi a kan yara masu yawa haka, masu awo mai tsanani haka ba. Tsakanin watan Yuni na 2010 da Yuni na 2011 an yi wa yara 1,156 zagayen magani har 3,180, kuma rahoton da aka buga a kan aikin ya nuna cewa maganin yana sauke awon dalma ba tare da wata mummunar illa ba, ko da a gida aka ba da shi, muddin akwai mai sa ido. Wannan ilmi ne da duniya ta samu daga asibitocin Anka da Bukkuyum.

Sai dai akwai iyaka iri biyu. Ta farko ita ce, dalma ba ta zama a jini kawai. Rabin wadda take jini takan fita cikin wajen wata guda, amma mafi yawa takan tare a ƙashi, inda take iya shekaru gommai tana komawa jini kaɗan-kaɗan. Dalilin da ya sa ake maimaita wa yaro magani sau da yawa ke nan. Iyaka ta biyu ta fi tayar da hankali. A shekara ta 2001 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Amurka a kan yara 780 waɗanda awonsu yake tsakanin 20 da 44. An ba rabinsu wannan magani, rabi kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Awon dalma ya sauka a jinin waɗanda suka sha maganin, amma da aka jarraba basirarsu bayan shekara uku, ba su fi sauran da komai ba.

Wannan ya dace da abin da aka daɗe da gani. Tun a shekara ta 1943 waɗansu masana biyu a birnin Boston, Byers da Lord, suka bi sawun yara 20 da aka sallama daga asibiti a kan sun warke daga gubar dalma, suka tarar 19 daga cikinsu ba sa taɓuka abin kirki a makaranta. A shekara ta 1979 Dokta Herbert Needleman ya auna dalma a haƙoran da 'yan makaranta suka famfare, ya nuna cewa masu dalma da yawa sun fi ƙarancin basira da natsuwa a aji, ko da yake ba su taɓa kwanciya ciwo ba. A shekara ta 2005 aka haɗa bayanan yara 1,333 daga ƙasashe dabam-dabam, aka ga cewa hasarar basira tana farawa tun awon bai kai 10 ba. Saboda irin waɗannan bincike ne CDC ta yi ta sauke awon da take ɗauka abin damuwa: daga 60 a shekarun 1960 zuwa 25 a 1985, zuwa 10 a 1991, zuwa 5 a 2012, har zuwa 3.5 a 2021. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne babu wani awo na dalma da aka san ba ya cutarwa.

Kwashe ƙasa kafin ba da magani

Likitoci sun dage tun farko cewa ba za a ba yaro magani a mayar da shi gidan da ya kwaso gubar ba, domin aikin banza ne, kuma yana iya ƙara cutar da shi. Tilas sai an tsabtace gida tukuna. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da Cibiyar Blacksmith suka jagoranci aikin tare da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Zamfara, amma mutanen ƙauyukan ne suka yi shi da fartanya da shebur. An kankare saman ƙasar gidaje, an binne ta a ramuka na musamman bayan gari, an zuba sabuwa. Sarakunan Anka da Bukkuyum da hakimansu da dagatai sun taka muhimmiyar rawa wajen fitar da injinan niƙa dutse daga cikin gari, an kuma ɗauki mata aikin shiga gidaje domin faɗakar da 'yan'uwansu.

An gama da Dareta da 'Yargalma kafin damina ta yi ƙarfi a 2010, sauran ƙauyuka biyar kuma zuwa watan Maris na 2011. Bagega, wadda ta fi su duka girma, ita ce aka bari tana jira. A wani taro da aka yi a Abuja cikin watan Mayu na 2012 an yi kira da a saki naira miliyan 850 da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari, amma sai a watan Janairu na 2013, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyin ciki da waje, Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya amince a saki kuɗin aikin. Duk tsawon wannan lokaci yaran Bagega suna rarrafe a kan gurɓatacciyar ƙasa, likitoci kuma hannunsu a ɗaure. Jinkirin takarda a kan tebur yana da farashi, kuma a nan ƙwaƙwalwar yara ce ta biya.

Daga ƙarshe an kwashe ƙasa da tarkacen dutse fiye da mita 27,000 na murabba'in zurfi daga gidaje 820 da wuraren aiki a ƙauyuka takwas. Matsakaicin awon dalma a jinin ƙananan yara ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu. Daga watan Mayu na 2010 zuwa Disamba na 2021, MSF ta gwada yara 8,480, ta ba 3,549 daga cikinsu maganin fitar da dalma, sannan ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a farkon 2022.

Bayan ƙwaƙwalwa

Yaran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, waɗansu ma sun yi aure. Ga 'ya mace akwai ƙarin haɗari: lokacin goyon ciki da shayarwa jiki yakan ciro kalsiyam daga ƙashi domin ɗan tayi, dalmar da take kwance a nan sai ta biyo shi, ta ratsa mabiyiya ta isa ga jariri. Ta haka gubar da uwa ta sha tana rarrafe take iya kaiwa ga ɗan da bai taɓa ganin injin niƙa dutse ba. An kuma tabbatar cewa dalma tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda idan shekaru suka ja, tana kuma dagula aikin garkuwar jiki. Dangane da ciwon daji, hukumar binciken cutar ta duniya da take birnin Lyon na Faransa ta sanya sinadaran dalma, a rahotonta na 2006, cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa shi ga ɗan Adam, bisa hujja mai ƙarfi daga dabbobin gwaji da ƙaramar hujja daga ma'aikatan masana'antu.

Matsalar kuma ba ta tsaya a Zamfara ba. A shekara ta 2015 yara 28 suka rasu ta wannan hanya a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. A wata unguwa da take bayan birnin Dakar na Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batiran mota. Hatta kwallin da ake sa wa jarirai ba a bar shi a baya ba: a 2011 likitoci a Boston sun gano dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka gwada kwallin da ake sa masa aka tarar kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce.

Aikin da ya rage

Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara cikin watan Afrilu na 2019 saboda ta'asar 'yan bindiga, ta kuma ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Farashin zinariya kuwa ya wuce dala 2,000 tun a 2020. Muddin zinariya tana da wannan daraja, talakan da gonarsa ba ta ciyar da shi ba zai bar dutse ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a koya masa yadda zai yi aikin ba tare da ya kai gubar gida ba. Wani gwaji da aka yi da masu niƙa dutse a arewacin Nijeriya, wanda aka buga sakamakonsa a 2019, ya nuna cewa fesa ruwa a bakin injin yana rage ƙurar dalma a iska da kashi 95 cikin 100. Sauran matakan ba su da tsada: a nisanta wurin niƙa daga gari da rijiyoyi, ma'aikaci ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya koma gida, kada a zuba hatsi a buhun da aka ɗauko dutse, kada a bar yara su kusanci wurin aikin.

Kamata ya yi kuma gwajin dalma ya zama aikin yau da kullum a manyan asibitocin Anka, da Bukkuyum, da maƙwabciyarsu Gummi, domin buhun dutse da mai ɗauke da shi ba su san iyakar ƙaramar hukuma ba. Duk yaron da aka kawo da jijjiga daga ƙauyen da ake niƙa dutse, a tuna da dalma tare da zazzaɓin cizon sauro. Mata masu juna biyu da suka tashi a ƙauyukan nan takwas su ma sun cancanci a auna jininsu a wurin awon ciki. Hukumomin ilmi kuwa su sani cewa ɗalibin da yake kasa riƙe karatu a waɗannan wurare mai yiwuwa ba lalaci ne yake damunsa ba, haƙuri da ƙarin kulawa yake buƙata.

Ga ɗaliban likitanci da kimiyya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, fagen bincike a buɗe yake. Dubban yaran da aka rubuta awon jininsu tun suna ƙanana suna nan da ransu. Bin sawunsu domin a ga halin da basirarsu, da ƙodarsu, da hawan jininsu, da 'ya'yansu suke ciki aiki ne da zai amfani su kansu, ya kuma amfani kowace ƙasa da ake haƙar ma'adinai da hannu. Rashin tsaro ya sa shiga ƙauyukan ya yi wuya, kuma kowace shekara da ta wuce ana ƙara rasa sawun waɗansu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a sha'anin dalma binciken likitoci ya tabbatar da wannan magana da alƙaluma. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuma kiyaye na baya.